Littattafan da zan ba ki shawara ki karanta a wannan babban hutun

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki, kin ce kun gama jarrabawa an ba ku babban hutu, daga Yuli har a koma lakwal a Oktoba ba ki da wani aiki sai na gida, kin gaji da danna waya da labaran WhatsApp ɗin nan da ba sa ƙarewa, kina so a faɗa miki littattafai masu daɗi na kwanan nan, na ƙagaggen labari da kuma na abin da ya faru da gaske, kuma kina karanta Hausa da Faransanci amma Ingilishi sai a hankali. Toh madalla, Allah ya ba da sa'ar sakamako. Ni aikina kenan, Faransanci nake koyarwa a lise a nan Damagaram, kuma shekara da shekaru ina ba yara aron littafi ina kallon wanda ake dawo min da shi an cinye shi cikin kwana biyu da wanda ake dawo da shi alama tana shafi na goma. Abin da na gani shi ne mutum ba ya kamuwa da karatu sai littafin ya yi masa maganar gidansu, ko unguwarsu, ko wani abu da ya taɓa ji ana raɗa a tsakar gida. Don haka daga kusa zan fara miki, na nesa su biyo baya.

Ki fara da Djaïli Amadou Amal. Bafulatana ce 'yar Marwa a arewacin Kamaru, kuma Marwa in kin karanta yadda take bayyana ta sai ki rantse wata unguwa ce a nan, manyan gidaje masu katanga, ɓangaren maigida daban na mata daban, 'yan kasuwa alhazai, gwaggonni masu shiga kowace magana. Littafinta Les Impatientes ya fito a Faransa a 2020 ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a shekarar, amma tun 2017 ya fara fitowa a Kamaru da sunan Munyal. Mata uku ne kowacce ke ba da labarinta da bakinta. Ramla tana son karatu, burinta ta zama mai haɗa magani, tana da saurayin da take so har an yi maganar aure, sai wani attajiri Alhaji Issa ya gan ta ya ce yana so, baffanninta suka juya magana aka ba shi. 'Yar'uwarta Hindou an ba ta ɗan baffanta Moubarak, mashayi mai duka, kuma duk lokacin da ta gudo gida sai a ce ta yi haƙuri ta koma. Ta ukun ita ce Safira, uwargidan Alhaji Issa ɗin, wadda ta yi shekara kamar 20 ita kaɗai a gidan sai ga amarya sa'ar 'yarta.

Wannan ɓangaren na Safira shi ne ya sa nake saka littafin a gaba. Kin riga kin tausaya wa Ramla, kin yi kuka da ita ranar da aka kai ta, sai marubuciyar ta ɗauke ki ta zaunar da ke a ɗakin kishiyarta, kiga matar da ke bin malamai da bokaye tana sayar da gwal ɗinta tana ƙulla sharri, kuma wallahi ba za ki iya tsanarta ba, don kin ga tsoron da ke cinta. Akwai shekarar da na ba 'yan ajin ƙarshe shi, ranar da muka zo tattaunawa ajin ya rabu biyu, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta miƙe ta ce Madam ni dai ba zan zagi Safira ba, don na ga mamata ta yi wata guda ba ta cin abinci sai an matsa mata lokacin da babanmu zai ƙara aure, ta faɗi haka ta zauna, ajin ya yi tsit, wani namiji da tun farko yake cewa littafin zagin maza ne ya sunkuyar da kai yana juya bik a hannu. Faransancinsa mai sauƙi ne ƙwarai, jimloli gajeru, ba sai kin riƙe ƙamus ba. In ya miki daɗi ki nemi Cœur du Sahel na 2022, ni a ganina ma ya fi shi tsari, labarin Faydé ne yarinyar ƙauyen kan duwatsu da ta sauko Marwa aikatau, da yadda masu gida ke kallon 'yar aiki kamar ba mutum ba, kwanonta daban wurin zamanta daban, ga soyayya da ta shiga tsakaninta da wani ɗan gidan, ga Boko Haram na cin ƙauyukansu ta baya. Duk gidan da ke da 'yar aiki a garin nan ya kamata a ce wani a ciki ya karanta shi.

Amma fa kar ki ɗauka sai da Faransanci aka fara faɗin wannan magana. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990 a Kano, da Hausa, shekara 30 kafin Turawa su ba Djaïli kyauta. Na san kin ce na kwanan nan kike so, amma in ba ki karanta shi ba to sabo ne a wurinki. Rabi matar Alhaji Abdu mai kanti a kasuwa, 'ya'ya tara, miji ya auro Delu ya kore ta da yaran, ta koma sayar da abinci ta riƙe su har ta aurar da Saudatu gidan mutunci, shi kuma duniya ta juya masa baya kanti ya ƙone. Abin da Balaraba ta fi Djaïli shi ne dariya da baƙar magana, faɗan kishiyoyin nan sai kin ajiye littafin kin yi dariya tukuna, kuma Rabi ba zama ta yi tana kuka ba, tashi ta yi ta nemi na kanta. An fassara shi da Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Wa Zai Auri Jahila? shi ma nata ne, kan cire yarinya daga makaranta a yi mata auren dole. In kina son mai kauri wanda zai riƙe ki sati biyu ki nemi Mace Mutum na Rahma Abdul Majid, da 'Yartsana na Ibrahim Sheme wanda ya fito a 2003, shi wannan labarin yadda auren dole ke tura mace bariki ne, an rubuta shi da Hausa mai kyau wadda aka zauna aka tace.

Na kwana-kwanan nan a Hausa kuwa, gaskiya inda ake samun rubutu mai kyau a taƙaice shi ne gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, labarin Sansani na Aisha Muhammad Sabitu ne ya fara cinyewa, kan rayuwar 'yan gudun hijira. A 2022 'yar ƙasarmu ce ta zo ta ɗaya, Amira Souley daga Maraɗi, da labarin Garar Biki, kuma kin san dai yadda gara ke karya iyayen amarya a ƙasar nan ba sai an miki bayani ba. Gajeru ne, an karanta su da murya suna nan a intanet, kina wanke-wanke kina saurare. Su labaran WhatsApp ɗin da kika ce kin gaji da su ni ban raina su ba fa, akwai masu baiwa sosai a cikin marubutan, matsalar ita ce ana rubutawa ana sakewa kullum ba mai dubawa ba mai cewa yanke nan, kuma tunda kuɗin na zuwa ne in labari ya yi tsawo sai a yi ta jansa har a manta inda aka dosa. A gasa kuwa an ƙayyade yawan kalmomi, dole marubuciya ta zaɓi abin da za ta faɗa, shi ya sa za ki ji bambanci tun a layin farko.

Sai wasu guda biyu na 'yan arewacin Najeriya da aka rubuta da Ingilishi amma an juya su Faransanci duk a 2018, kinga kin huta. Né un mardi na Elnathan John, labarin Ɗantala ne almajiri da ya gama karatun allo ya faɗa cikin yaran da ke kwana ƙarƙashin kuka a Bayan Layi, 'yan siyasa na ba su kuɗi da ƙwaya su yi ƙone-ƙone lokacin zaɓe, ya gudu Sakkwato wani malami Sheikh Jamal ya riƙe shi a masallaci, a nan yake ganin yadda wa'azi ke rikiɗewa ya zama fitina a hannun wani almajirin malamin. Yaron da kansa ke magana, ba ya wa'azi ba ya kare kowa, abin da ya gani kawai yake faɗa, kuma in kin gama shi ba za ki ƙara kallon yaran da ke tsaye da roba a ƙofar gida ko samarin fada kamar da ba. Ɗayan La Saison des fleurs de flamme na Abubakar Adam Ibrahim, ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016. Hajiya Binta ce mai shekara 55, mijinta ya rasu a rikicin Jos, wani ɗan daba Reza mai shekara 25 ya hauro mata katanga sata, daga nan abin da bai kamata ba ya shiga tsakaninsu. Zan faɗa miki gaskiya littafin manya ne, akwai wuraren da ba a sakaya ba, shi ma na Elnathan ɗin haka, kar ki bar su inda ƙannenki za su ɗauka. Amma abin da ya riƙe ni a ciki ba wannan ba ne, alkunyar ɗan fari ce, Binta ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ba ta taɓa rungumarsa a gaban mutane ba har ya mutu, kuma wannan ciwon ne take gani a fuskar Reza. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu mata na kawar da kai in ɗan fari ya shigo, mun san abin da yake faɗa.

Yanzu na gaskiya, kuma a nan ne zan daɗe, don in littafi ɗaya tak za ki saya a hutun nan to wannan ne. Des pays au crépuscule na Camille Lefebvre, masaniyar tarihi Bafaransa, ya fito a 2021, kuma kan garinmu ne da Agadas, daga 1898 zuwa 1906. Tambayar da ta ɗauko ita ce wadda kowane ɗan Damagaram ya taɓa yi wa kansa in ya tsaya ƙofar gidan sarki a Birni: yaya aka yi sojan Faransa kamar 80 da sojoji baƙaƙe 600 da suka ɗebo suka mallaki manyan birane biyu irin waɗannan, garin da Sarki Tanimu ya zagaye da ganuwa ya ƙera bindigogin igwa, garin da fataken Tarabulus da na Kano da na Borno ke haɗuwa? A lakwal abin da aka koya mana layi uku ne, an kashe kyaftin Cazemajou a 1898, an yi yaƙin Tirmini a Yulin 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya faɗi, shikenan sai a juya shafi. Ita kuwa sai ta shiga cikin garin ta zauna. Ba takardun nasara kaɗai ta karanta ba, ta bi wasiƙun Larabci da sarakuna da 'yan kasuwa suka rubuta, da abin da aka ɗauka daga bakin mutane da Hausa da Barbarci, sai kiga ashe a shekarun farko mutanen gari ba su ɗauki zuwan nasara a matsayin ƙarshen duniya ba, wasu baƙi ne masu bindiga da za a iya amfani da su a rigimar cikin gida, kowa na lissafinsa, attajiri na nasa, bayin sarki na nasu, malamai na nasu, matan da aka aura wa sojoji da bayin da suka ga ƙofar kuɓuta su ma da nasu. Su kansu nasaran a tsorace suke, ba su jin harshe, komai sai ta bakin tafinta, suna rubuta wasiƙa da bismilla suna kwaikwayon sarauta don a karɓe su.

Sai ta kawo ki 1906, shekarar da aka ce an gano makircin kashe nasara, aka kama Sarki Amadu ɗan Basa da manyan gari irin su Malam Yaro babban ɗan kasuwar nan, aka tuɓe sarki aka kai shi Kwaddibuwa, garin ya zauna ba sarki na gado sai a 1923. Yadda ta warware wannan shari'ar, wa ya kai tsegumi, wa ya ci riba, wa aka yi wa tafinta ta son rai, wallahi ya fi labarin 'yan sanda daɗi, kuma sunayen unguwanni ne da kike bi kullum a kabu-kabu, Birni da Zango. Littafin masana ne amma ba ta cika shi da manyan kalmomi ba, wanda ya ci bak zai karanta shi lafiya lau, sai dai ki tafi a hankali babi ɗaya a rana. Shawarata in kin karanta babi ki je ki zauna da tsohuwar gidanku ko wani dattijo a unguwa ki tambaye shi me ya ji daga kakanninsa, zaki sha mamakin abin da ke nan a bakin mutane har yanzu, wani ya dace da littafin wani ya saɓa, kuma saɓanin ma abin sauraro ne.

In kin gama shi sai ki haɗa da namu na gida. Marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ɗan garin nan ne an haife shi a 1942 ya rasu a 2022, shi ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayon Tanimoune. Sai Sarraounia na Abdoulaye Mamani na 1980, wanda yawanci an san fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986 amma ba a karanta littafin ba, alhali ƙarami ne kwana biyu ya ishe ki. Abin da mutane ba su cika haɗawa ba shi ne rundunar Voulet da Chanoine da ta yaƙi Sarauniya a Lugu a 1899 ta ƙone Birnin Ƙonni, ita ce dai bayan sojojinta sun kashe shugabannin nata biyu a wajen Maijirgi ta ƙaraso Tirmini ƙarƙashin wasu hafsoshin. Kenan labari ɗaya ne, Mamani ya ba ki farkonsa da zafin ɗan gwagwarmaya, Lefebvre ta ba ki abin da ya biyo baya da sanyin mai bincike. Ki riƙe dai cewa na Mamani ƙagaggen labari ne, ya ƙara gishiri inda ya ga dama, ba a kafa hujjar tarihi da shi. Af, tunda muna nan, akwai wani ɗan ƙasar nan da ba a ba shi haƙƙinsa ba, Dorugu, yaron Dambanas ta wajen Kance da aka kama bauta, aka 'yanta shi ya bi Baturen nan mai yawon bincike Barth har Tumbutu har Landan a 1855, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Yana nan a intanet kyauta don ya tsufa, rubutun Hausar ne dai irin na da sai kin saba da shi, amma jin yaron ƙauyenmu na bayyana yadda Turawan Ingila ke cin abinci abin daɗi ne ƙwarai.

Shi Mamani ɗin ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya yi gudun hijira har Aljeriya, ya dawo ya sha ɗauri, ya rasu a haɗarin mota a 1993 a hanyar Yamai. In kina son sanin wannan zamanin akwai Le désir de calme na Klaas van Walraven ɗan ƙasar Holan, fassarar Faransanci ta fito a 2017. Tarihin Sawaba ne tun daga Djibo Bakary da ƙuri'ar raba gardama ta 1958 da ya ce a ce a'a, da haramta jam'iyyar a 1959, har shigowar mayaƙanta a 1964 da abin da aka yi musu. Mutumin ya zagaya ƙasar nan ya zauna da tsofaffin 'yan Sawaba, direbobi da teloli da ƙananan ma'aikata, da yawansu a nan Damagaram don garin nan cibiyarsu ce, ya ɗauki maganarsu kafin su ƙare. Yana da kauri sosai, ba na cewa ki karanta shi daga bango zuwa bango, ki duba inda aka yi maganar yankinmu ki fara da nan. Gidaje da yawa a garin nan akwai kakan da aka ɗaure a lokacin kuma ba a taɓa gaya wa jikoki dalili ba.

Waɗanda suka ci manyan kyaututtuka kuwa, na san su za a fara faɗa miki, kuma suna da kyau, sai dai mai azumi ba ya buɗe baki da tuwo, da kunu ake farawa. La plus secrète mémoire des hommes na Mohamed Mbougar Sarr ɗan Senegal ya ci Goncourt a 2021 yana da shekara 31, shi ne na farko daga Afirka ta kudu da Sahara, labarin wani matashin marubuci ne da ke neman sawun wani T.C. Elimane da ya buga littafi ɗaya a 1938 aka zarge shi da satar rubutu ya ɓace, kuma abin da ya faru da Yambo Ouologuem na Mali ne ya ba shi tunanin. Littafi ne babba na gaske amma yana da wuya, labari cikin labari, jimla ɗaya sai ta cinye shafi, na ga yara masu ƙoƙari sun fara da shi sun ajiye sun ce su karatu ba nasu ba ne, abin ya ba ni haushi don ba laifinsu ba ne. Ki bar shi sai Satumba in hannunki ya faɗa. Kafin nan ki karanta Terre ceinte nasa na 2015, wani gari ne da masu iƙirarin jihadi suka mamaye suka kashe saurayi da budurwa a bainar jama'a, iyayensu mata biyu suka shiga rubuta wa juna wasiƙa, wasu 'yan tsiraru kuma na buga jarida a ɓoye, wannan kam ba sai an ce miki ya shafe mu ba. Frère d'âme na David Diop, 2018, gajere ne amma yana da nauyi a zuciya, Alfa Ndiaye sojan Senegal a yaƙin duniya na farko, amininsa Mademba ya ji mummunan rauni ya roƙe shi har sau uku ya ƙarasa shi ya kasa, daga nan ya shiga fita da dare yana dawowa da hannun abokin gaba, abokansa na yi masa tafi har hannu na uku, daga na huɗu suka fara tsoronsa suna cewa maye ne. Kar ki karanta shi da dare in ke mai mafarki ce. Sai Paradis na Abdulrazak Gurnah ɗan Zanzibar da ya ci Nobel a 2021, yaro Yusuf da ubansa ya bayar jingina saboda bashi ya bi ayarin fatake cikin Afirka ta gabas, ana karantawa ana tuna ƙissar Annabi Yusuf, ni kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yake tuna min. Wanda ke son tarihi a gutsure kuma, Le Rhinocéros d'or na François-Xavier Fauvelle na 2013, babi 34 ne gajeru kan Afirka ta zamanin da, hajjin Mansa Musa na 1324 na ciki, da wani ayari da ya ɓace a hamadar Muritaniya aka tono kayansa sandunan tagulla da wuri bayan ɗaruruwan shekaru, kowane babi kafin shayi ya nuna kin gama shi.

Tunda hutu ne yara na gida, dan Allah ki ware musu rabin awa bayan isha'i, musamman daren da aka ɗauke wuta ko ruwa ya hana fita, ki karanta musu Magana Jari Ce da ƙarfi. Abubakar Imam ya rubuta shi tun 1937 amma har yau ban ga yaron da aku ɗin nan bai kama shi ba, yana ta jan ɗan sarki Musa da labari don kar ya fita waziri ya hallaka shi. Ruwan Bagaja ma haka, rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Yaranmu na jin Hausa amma da yawa ba su iya karanta ta ba, sai su yi ta in'ina a kan ƙ da ɗ, kuma yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 abin kunya ne a ce ɗan bak ba ya iya karanta shafi ɗaya da harshen uwarsa. In kin karanta musu kwana kaɗan sai ki miƙa wa babban cikinsu ya ci gaba. Masu son zane kuma akwai Akissi na Marguerite Abouet don ƙanana, Aya de Yopougon nata don 'yanmata irinki.

Saura inda za a samu, wanda shi ne ciwon kan a garin nan. Na Hausa ki tambayi masu sayar da littattafai a kasuwar Dole, ko ki ba mai zuwa Kano saƙo, can ne gidansu kuma ba su da tsada. Na Faransanci sai an haɗa da Yamai, ki ce a nemo miki ƙaramin bugu na aljihu, su Les Impatientes da Frère d'âme da na Mbougar Sarr da na Fauvelle duk sun fito a irinsa, kuɗinsa bai kai rabin babban ba. Ki leƙa laburaren jami'a don na Salifou da na tarihi, kuma ki tambayi tsofaffin malaman lakwal na unguwarku, Sarraounia kam da wuya a rasa shi a akwatin wani mushe da ya yi ritaya, in kin je da ladabi kin yi alkawarin dawowa da shi za a ba ki. Dabarar da na ga ta yi aiki ita ce adashe, ku haɗu ku biyar ko shida kowacce ta sayi ɗaya ku riƙa musanya duk Juma'a, a rubuta sunan mai shi a bangon ciki, a sa masa leda don damina ce. Na san ana tura su a waya kyauta kuma ba zan ce ban san halin da ake ciki ba, wani littafin in ba ta nan ba ba zai taɓa isowa Damagaram ba, amma na marubutan Hausa dai ki daure ki biya, ɗari biyar ko jika ɗayan nan da kike gani ita ce ribarsu gaba ɗaya, in ba a saya ba gobe ba za su buga wani ba. In kin gama Les Impatientes ki rubuto min ki faɗa min ɓangaren wa kika tsaya, Ramla ko Safira, sai in san wanda zan ba ki aro a cikin nawa.